Mariya Montessori: Likitar Da Ta Koya Wa 'Ya'yan Talakawa Karatu Da Yatsa

In kina zaune a birni, na san ba ki rasa ganin allon wata makarantar ƙananan yara da aka rubuta kalmar Montessori a jikinsa ba. Waɗansunmu sun ɗauka sunan wani gari ne a Turai, waɗansu kuwa suna tsammanin wani irin karatu ne na 'ya'yan masu kuɗi. To, sunan mace ne, wata likita 'yar ƙasar Italiya wadda ta rasu tun 1952, kuma yaran da ta yi suna a kansu 'ya'yan talakawa ne tilis, waɗanda da yawa daga iyayensu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Yau labarinta zan ba ki, domin akwai abin da ya shafi ɗanki mai tatata a tsakar gida a cikinsa, balle ma in kina cikin masu kwana da tunanin yaron da aka sa makaranta amma karatu ya ƙi zama a kansa.

An haifi Mariya ran 31 ga Agusta, 1870, a wani ƙaramin gari mai suna Kiyarabale, kusa da birnin Ankona. Ubanta, Alesandro, ma'aikacin gwamnati ne a sashen kuɗi. Uwarta, Renilde, mace ce mai son karatu ƙwarai, a zamanin da yawancin matan ƙasar ba su san baƙi ba. Mariya tana da shekara biyar aka yi wa uban canjin wurin aiki zuwa Rum, babban birnin ƙasar, can ta shiga makarantar firamare a 1876. A zamanin nan yarinyar da ta yi karatu aikin malanta kaɗai ake sa mata rai da shi, iyayenta ma abin da suka so mata ke nan. Ita kuwa lissafi take so. Tana da shekara goma sha uku ta shiga makarantar fasaha wadda kusan duk ɗalibanta maza ne, da niyyar zama injiniya. Da ta gama a 1890 sai ta sake shawara, ta ce likita za ta zama. Uban bai so ba sam, uwar ce ta tsaya mata.

A 1893 ta sami shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Rum. Kada ki ɗauka an karɓe ta hannu bibbiyu. Ɗalibai maza da waɗansu malaman sun nuna mata ƙyashi a fili. Da aka zo darasin feɗe gawa, wanda ba makawa sai mai koyon likita ya yi shi, aka ce bai dace mace ta tsaya tare da maza a gaban gawa tsirara ba. Saboda haka sai kowa ya tashi, sa'an nan a bar ta ita kaɗai cikin ɗakin gawawwaki ta yi nata aikin. Ki auna wannan a ranki, yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Ta daure, har ta ci kyauta tun a shekararta ta farko, kuma a 1896 ta fito da takardar shaidar likita, tana cikin mata na farko-farko da suka kai wannan matsayi a Italiya. A shekarar kuma aka aike ta birnin Balin na Jamus ta wakilci matan ƙasarta a wani babban taro, inda ta nemi a riƙa biyan mace daidai da namiji in aikinsu ɗaya ne.

Ɓarɓashin burodi

Bayan ta zama likita ta yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar. Cikin aikin har da zagaya gidajen mahaukata na birnin. A can ta iske yara masu raunin ƙwaƙwalwa an tara su tare da manya, domin ba a san inda za a kai su ba. Wata rana ta shiga wani ɗaki, mai kula da yaran ta yi mata ƙorafi cewa yaran nan haɗamammu ne, da sun gama cin abinci sai su faɗa ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Mariya ta dubi ɗakin, ta ga bango huɗu ne kawai, babu ko tsinke da yaro zai riƙe. Nan ta gane cewa abin taɓawa yaran suke nema, ɓarɓashin nan shi kaɗai ne abin da yatsunsu za su iya wasa da shi. Daga ranar tunaninta ya koma kan hannun yaro da abin da hannun ke koya wa ƙwaƙwalwa.

Ta shiga bincike, har ta faɗa kan littattafan waɗansu likitoci biyu na Faransa. Na farko, Itar, shi ne ya ɗauki wani yaro da aka tsinta a dajin Aberon wajen 1800, wanda ya tashi ba tare da mutane ba, ya yi shekara biyar yana ƙoƙarin koya masa magana. Yaron bai iya magana ba, amma ya kai ga gane waɗansu kalmomi a rubuce. Na biyu, Segan, almajirin Itar ne, shi ya tsara kayan koyar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa ta hanyar gani da ji da taɓawa. Mariya ta zauna ta juya littattafansu zuwa Italiyanci, tana rubutawa da hannunta shafi bayan shafi, don kada wata ma'ana ta kuɓuce mata.

A 1900 aka buɗe wata makaranta a Rum don horar da malaman irin waɗannan yara, aka naɗa ta shugaba tare da wani likita abokin aikinta, Jusefe Montesano. Takan shiga aji da kanta tun ƙarfe takwas na safe, ba ta tashi sai bakwai na yamma. A nan wani abu ya faru wanda ya zama tushen yadda ta koyar da rubutu daga baya. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, hannunta lafiya lau, amma an yi an yi ta koyi ɗinki da allura ta kasa. Mariya ta ajiye allurar, ta ba ta dogayen yankunan takarda ta riƙa saƙawa kamar tabarma, a cusa sama a cusa ƙasa. Da hannun ya saba, aka mayar mata da allura, sai ga ta tana ɗinki. Mariya ta ce a ranta ashe kafin a sa yaro wani aiki, kamata ya yi a fara koya wa hannunsa motsin aikin ta hanya mai sauƙi. Sai ta sa aka sassaƙa mata haruffa na katako, wasula ja, baƙaƙe shuɗi, yara suna bin su da yatsa. Waɗansu cikin yaran nan da aka yanke musu ƙauna suka koyi karatu da rubutu, har aka kai su suka zauna jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya, suka ci. Jama'a suna ta mamaki, ita kuwa abin da ya dame ta daban ne. In yaran da aka ɗauko daga gidan mahaukata za su kamo masu lafiya, to, me ake yi wa masu lafiyar a makarantu?

Uwargida, a nan akwai wani ɓangare na rayuwarta mai ɗaci, wanda bai kamata a ɓoye miki ba. A ranar 31 ga Maris, 1898, Mariya ta haifi ɗa namiji, Mariyo, ubansa kuwa Montesano ne, ba su kuma yi aure ba. A Italiya ta wancan zamani wannan abin kunya ne da zai rushe aikinta gaba ɗaya. Aka kai jaririn ƙauye wajen waɗansu mutane suka rene shi. Takan je ta gan shi, amma bai san ita ce uwarsa ba. Daga baya Montesano ya auri wata, ita kuwa a 1901 ta bar makarantar da suke shugabanta tare, ta koma jami'a ɗaliba. Matar da duniya ta sani da sanin halin yara, ita ce ba ta ga tatatar ɗanta ba, ba ta ji kalmarsa ta farko ba. Sai bayan rasuwar uwarta a ƙarshen 1912 ta ɗauko shi, yana da shekara kusan goma sha biyar, kuma shekaru da yawa bayan haka a gaban mutane ɗan 'yar'uwa ko ɗan riƙo ake ce da shi. Tun daga ranar da ta ɗauko shi kuwa ya zama babban mataimakinta har ta mutu.

Gidan Yara

A Rum akwai wata unguwar matalauta mai suna San Lorenzo. Wani kamfani ya sayi tsofaffin benaye a can ya gyara, ya zuba 'yan haya. Iyaye su fita aikin ƙodago tun da safe, yaran da ba su isa makaranta ba su yini suna hawa da sauka, suna ɓata bango. Shugaban kamfanin, Eduwardo Talamo, ya ga ya fi masa arha ya ware ɗaki guda a tara yaran. Ya nemi Mariya ta kula da abin. Abokanta suka ga ta zubar da girmanta, malamar jami'a guda ta koma renon 'ya'yan leburori. Ta karɓa. Ran 6 ga Janairu, 1907, aka buɗe ɗakin da yara wajen hamsin, yawancinsu daga shekara uku zuwa shida, aka sa masa suna Gidan Yara. Wadda aka sa ta zauna da su kullum ba ta taɓa koyon aikin malanta ba, 'yar mai gadin benen ce.

Mariya ta fitar da manyan bencuna, ta sa aka yi ƙananan kujeru da tebura marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Aka yi kabad gajere don yaro ya ɗauki abin da yake so, ya mayar in ya gama. Aka koya musu wanke hannu, da shara, da ɓalla maɓalli, da ɗaura igiyar takalmi, da zuba ruwa ba tare da zubarwa ba. Ba duka, ba kyautar alewa. Ta lura yaro ɗan shekara uku yana iya maimaita aiki ɗaya sau da yawa bai ko ɗaga kai ba, muddin shi ya zaɓi aikin kuma aka ƙyale shi.

Da farko ba ta da niyyar koya musu karatu, domin ita ma ta yarda da abin da kowa ya yarda da shi, watau sai yaro ya kai shekara shida. Iyaye mata ne suka zo suka roƙe ta. Su ba su iya ba, suna so 'ya'yansu su iya. Kuɗin sassaƙa haruffan katako kuwa babu. Sai ta ɗauki almakashi ta yanka haruffa na takarda, sa'an nan ta yanka waɗansu daga samfefa, takardar nan mai kaushi da kafinta ke goge katako da ita, ta manna su a kan kwali mai santsi. Rashin kuɗin ya zama alheri, domin da yatsan yaro ya kauce daga kaushi ya hau santsi, shi da kansa zai san ya bar hanya, ba sai an gaya masa ba.

Ga yadda abin yake tafiya, ki lura da kyau. Da fari yaro yana zagaya siffofi na ƙarfe da fensir mai launi, yana cike cikinsu, har yatsunsa su saba da riƙon fensir. Na biyu, a ba shi harafin samfefa ya bi shi da yatsa biyu ta inda ake fara rubuta shi, malama tana faɗin sautin harafin, shi ma yana faɗi. Sautin ake koya masa, watau abin da kunne ke ji a cikin kalma, ba a damunsa da sunan harafin. Na uku, a ba shi akwati mai haruffan kwali, a faɗi kalma a hankali, shi kuwa ya saurara, ya tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya ya jera. Duk wannan ana yi, ba a taɓa ce masa ya rubuta kome ba.

Wata rana cikin Disamba na 1907, rana ta fito, Mariya ta hau rufin bene da yaran. Ta miƙa wa wani yaro ɗan shekara biyar alli ta ce ya zana mata bututun hayaƙin da ke gabansu. Ya durƙusa ya zana. Can sai ya yi tsit, sa'an nan ya fashe da ihun murna cewa ya iya rubutu, ya rubuta kalmar mano a daɓe, watau hannu da harshensu. Sauran yara suka yanyame shi, kowa yana neman alli, suka shiga rubutu a ƙasa da ƙofofi. Iyaye suka riƙa kawo labari cewa a gida har a jikin burodi yaran suke rubutu, dole aka saya musu takarda da fensir. Kafin Kirsimeti, yara biyu 'yan shekara huɗu suka rubuta wa Talamo wasiƙar gaisuwa a madadin 'yan'uwansu.

Wani abin da ta lura da shi kuma shi ne rubutu ya riga karatu zuwa. Yaron da ya jera kalma da kansa ya riga ya san abin da yake nufi, amma gane abin da wani ya rubuta aiki ne daban, yakan zo daga baya. Don haka ta riƙa rubuta sunayen kayan wasa a 'yan takardu tana naɗewa, wanda ya karanta tasa sai a ba shi abin ya yi wasa da shi. Ba a daɗe ba yaran suka daina kula kayan wasan, takardun kawai suke so a ƙara musu.

Yaron da karatu ya ƙi

To, uwargida, kada wannan labari ya sa ki tasa ɗanki ɗan shekara uku a gaba da bulala. Abu biyu za ki riƙe. Na ɗaya, Italiyanci yadda ake faɗinsa kusan haka ake rubuta shi, kamar dai Hausar boko, shi ya sa abin ya zo wa yaran San Lorenzo da sauri. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, saboda haka yaron da aka fara masa da Turanci, alhali kuwa Hausa yake ji a gida, dole ya ɗauki lokaci. Na biyu, akwai yaran da ko an bi duk hanyar da ta dace, haruffa sukan yi musu gardama.

A 1896, shekarar da Mariya ta zama likita, wani likita a Ingila mai suna Piringil Mogan ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu a mujallar likitocin ƙasar. Yaron yana da kaifin basira, ya iya lissafi, idonsa lafiya, an yi shekaru ana koya masa, amma ko sunansa yakan rubuta shi a birkice. A lokacin makantar kalmomi ake ce wa abin, yau kuwa sunansa disleksiya, kalmar da wani likitan ido na Jamus, Rudolf Balin, ya fara amfani da ita. Mariya ba ta yi aiki a kan wannan larura da sunanta ba. Waɗanda suka yi su ne irin su Samuyel Oton, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, da malama Ana Gilingam, waɗanda tsakanin 1925 da 1940 suka tsara hanyar koyar da irin waɗannan yara. In kin duba hanyar tasu za ki ga 'yar'uwar ta San Lorenzo ce: harafi ɗaya-ɗaya, ido ya gani, kunne ya ji, baki ya faɗa, hannu ya bi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tushen larurar yana wajen rarrabe sautukan magana, idon yaron ƙalau yake, kuma abin da ya fi taimako shi ne a koya masa haɗa sauti da harafi dalla-dalla, a yi ta maimaitawa. Ba ta da dangantaka da daƙiƙanci ko lalaci, kuma takan bi jini, watau in uba ko uwa ko wani na kusa ya sha wuyar karatu, sai a ƙara sa ido a kan yaron.

Ba wanda zai dubi ɗan shekara biyu ko uku ya tabbatar yana da ita, domin bai isa karatu ba tukuna. Amma akwai alamun da uwa za ta riƙe a ranta. Yaro ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba. Ya kai huɗu ko biyar yana ta juya kalmomi, ya ce abisiti maimakon asibiti, ko katalmi maimakon takalmi, bayan tsararrakinsa sun daina. 'Yan waƙoƙin wasa da sauran yara ke hardacewa ba sa zama masa. Ba ya jin cewa kaza da maza ƙarshensu ɗaya ne, ko mota da madara farkonsu ɗaya ne. Yakan daɗe yana laluben sunan abin da ya sani sarai. In ya shiga makaranta kuma, a koya masa harafi yau gobe ya ɓace, ko ya san b ya san a amma ya kasa haɗa su su ba da ba. Amma rubuta b a wurin d, ko juya lamba, wannan kusan duk yara suna yi har wajen shekara bakwai, kada ya tayar miki da hankali shi kaɗai. Alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba, sai sun taru kuma sun daɗe.

In kin ga haka, fara da kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa, domin ciwon kunne mai yawan dawowa, da ƙyanda, da sanƙarau duk suna iya rage ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa maganarsa da karatunsa za su yi jinkiri. In an ce lafiya lau, je ki ga malaminsa ku yi shawara tun da wuri, kada ki jira sai ya kai aji huɗu. A gida kuma ba ki bukatar sayen kome. Ki yi ta hira da shi tun yana goye, ki yi masa tatsuniya, ku yi wasan nemo abubuwan da suka fara da sauti ɗaya. Zuba rairayi a faranti, ki zana harafi babba, ki kama yatsansa ku bi tare kuna faɗin sautin, minti biyar ko goma ya isa. In ya gaji ki ƙyale shi. Abin da za ki kiyaye ƙwarai shi ne duka da gori, da kwatanta shi da ƙanensa a gaban mutane. Yaron da aka saba kira daƙiƙi yakan yarda, in kuwa ya yarda, gyaran wannan ya fi koyar da haruffa wuya.

Suna da gudun hijira

Mu koma kan Mariya. Labarin yaran San Lorenzo ya bazu a jaridu, baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna kallo. A 1909 ta rubuta littafin da ya bayyana hanyarta, aka juya shi zuwa Turanci a 1912, ya yi kasuwa ƙwarai a Amurka. Ta je can a 1913, inda Aleksanda Giraham Bel, wanda ya ƙago tarho, da matarsa suka goya mata baya. A 1915, a wani babban bajekoli a San Faransisko, aka gina aji mai bangon gilashi, mutane suna zaune suna kallon yara suna aikinsu ba su ko waiwaya ba. Ta bar aikin likita ɗungum ta koma horar da malamai. Ba kowa ya yarda da ita ba. Wani shahararren malamin jami'ar Kolombiya, Kilpatirik, ya rubuta littafi a 1914 yana sukar hanyarta, har makarantun suka ja baya a Amurka, ba su farfaɗo ba sai bayan mutuwarta. Ita ma tana da nata halin: ba ta yarda wani ya horar da malamai da sunanta ko ya taɓa tsarin kayanta ba, wannan ya raba ta da almajirai da dama.

A 1924 ta sadu da Musolini, mai mulkin kama-karya na Italiya, ta karɓi taimakon gwamnatinsa, aka yi kusan shekara goma ana tafiya tare. Tafiyar ba ta ɗore ba, domin shi yara masu bin umurni ido rufe yake so, ita kuwa tana yawo tana lacca a kan zaman lafiya. A 1933 gwamnatin Hitila ta rufe makarantunta a Jamus. A 1934 ta bar Italiya, a 1936 aka rufe na can ma. A shekarar kuma yaƙin basasa ya tashe ta daga Basalona ta ƙasar Sifen, inda ta daɗe da zama, ta koma Holan. A 1939, tana da shekara sittin da tara, ta tafi Madaras ta Indiya ita da Mariyo don su horar da malamai na 'yan watanni. Da Italiya ta shiga yaƙin duniya a 1940, Turawan Ingila masu mulkin Indiya suka tsare Mariyo a sansani, ita kuma aka hana ta yawo. Ranar da ta cika shekara saba'in aka sako mata shi. Ba su koma Turai ba sai 1946. A shekarun nan na Indiya hankalinta ya ƙara komawa kan jarirai, daga haihuwa zuwa shekara uku, tana koyar da cewa a wannan lokaci yaro yana shan harshe da ɗabi'un gidansu kamar yadda soso ke shan ruwa.

Sau uku aka gabatar da sunanta don kyautar Nobel ta zaman lafiya, a 1949 da 1950 da 1951, ba ta samu ba. Ta rasu ran 6 ga Mayu, 1952, a wani gari na bakin teku a Holan mai suna Nodwaik, tana da shekara 81, can aka binne ta. Mariyo ya ci gaba da riƙon ƙungiyar da suka kafa tare a 1929 har ya rasu a 1982. Ƙasar da ta bari a 1934 kuwa, a 1990 ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1,000, wadda aka yi ta kashewa har zuwan kuɗin yuro a 2002.

Saboda haka, uwargida, in za ki sa ɗanki a makarantar da ke ɗauke da sunan matar nan, kada allon ƙofa ya ishe ki, domin ba duk mai sunan ke bin hanyar ba. Nemi izini ki shiga aji ki zauna. Duba ko kayan suna inda hannun yaro zai kai, ko ana barinsa ya taɓa, ko sautin haruffa ake koya masa ko kuwa rera su kawai ake yi, kuma ki tambayi malamar abin da take yi wa yaron da aka bari a baya. In kuma ba ki da halin irin wannan makaranta, kada ki damu. Ki tuna da almakashi da samfefa da 'yar mai gadi aka fara, kuma iyaye mata marasa karatu ne suka nace sai an koya wa 'ya'yansu.